Ƙofar Gidan Su Bakur a Kan Teku

Duk Juma'a sai samarinmu na unguwannin Sa'alaba da Mahjar sun cika mota sun taho bakin tekun nan na arewacin Jidda, su tsaya gaban kwantenata suna kallona kamar wanda ya tsinci dami a kala. A ganinsu aikina shi ne in miƙa wa mutum laima da allo, in koma inuwa in ɗora shayi. Wani har cewa ya yi, "Ya Ammu, wannan shugul ɗin ko ni zan iya daga gobe." Na ce madalla, ɗauki famfon can ka hura min wadda ke kwance a yashi. Kafin ta kumbura ya zube yana haki, yana tambayar ko da ruwan sanyi. Don irinsa na ga gara in zauna in faɗi abin da ke cikin aikin.

Sunana Usman, a nan kuwa Ammu Usman tela, wato Baffa Usman. Haifaffen unguwar Karantina ne ni, a nan Jidda, kakana daga Kano ya taho hajji da ƙafa bai koma ba. Sana'ata gyaran kait da zaɓar wa sabon shiga kayan da zai koya da su. Kait ita ce ƙatuwar laimar nan da ake hura wa gabanta iska, ta tashi sama da dogayen igiyoyi, ta ja mutum yana tsaye kan allo bisa ruwa. Mu laima muke ce mata, haka zan ci gaba da kiranta.

Laima ta farko da hannuna ya taɓa, a shagon Kawu Idi ne, ƙanen mahaifiyata. Tanti yake ɗinkawa, da tampol, da rumfar mota, a kan wani tsohon keke da ke huda fata kamar takarda. A wurinsa na koyi ɗinki tun ina riƙe masa bakin tampol. Wata rana sai ga wani Bamisire da rana ta gasa shi ya shigo da jaka a kafaɗa, wai an ce masa babu abin da mutanen Karantina ba sa ɗinkewa. Ya zazzage wani yadi ja da shuɗi da ya cika shagon har ya fita titi, da tsaga a tsakiyarsa inda duwatsun murjani suka yanke shi. Kawu Idi ya murza yadin da yatsu biyu, ya ce wannan ai fiffiken fara ne, allurarsa za ta kashe shi. Ya turo min, ya ce hannuna ya fi nasa laushi. Na aro keken matar maƙwabcinmu da take ɗinkin mayafi, na manna faci ciki da waje, na bi shi da ɗinkin zigizaga. Bamisiren nan, Kaftin Magdi, ya ɗaga facin ya duba a hasken rana, ya naɗe laimarsa ya tafi. Mako na zagayowa ya dawo da wasu laimomin.

Shi ne ya fara kawo ni nan. Mu 'yan Karantina a bakin teku muka tashi, amma ƙamshinsa da gumi kawai muka sani, don katangar tashar jiragen ruwa ta tare mu. Ranar da na sauko daga motarsa na ga facina can sama yana sheƙi, wani mutum a ƙarƙashinsa yana tsaga ruwa da gudu, wallahi ban san lokacin da na shiga ruwan da takalmina ba. Murna ta kama ni kamar ni na ƙera iskar. Ina ta nuna wa mutanen da ban sani ba ina cewa ni na ɗinka wancan, su kuma suna gyaɗa kai suna matsawa gefe.

Kaftin bai yarda in ba kowa shawara ba sai da na hau da kaina. Ya ce wanda bai sha ruwan gishiri ba, ba shi da bakin magana. Na kuwa sha, har ina ganin Bahar Maliya ta ragu. Kafin ya bar ni in riƙe sanda, wato sandar da ake sarrafa laimar da ita, sai da ya tsayar da ni a yashi ina juya fuska a hankali har in ji iska na kaɗawa daidai a kunnuwana biyu. Inda hancinka ya nuna, daga nan take zuwa. Ya sa na yi ta tura jan maɓallin tsira, wanda ke raba mutum da ƙarfin laima in abu ya ɓaci, har hannuna ya riƙa zuwa wurin da kansa. Yanzu ko a mota aka taka birki da ƙarfi, hannuna cibiyata yake nufa.

Kayan aikina ba su da yawa. Ga keke, ga zaren da rana ba ta ci, ga gam, ga ruwan sabulu na neman inda iska ke zurarewa. Ga hodar jarirai, da ita nake shafe robar ciki, mai kama da biladar ƙwallo, don ta shige gidanta ba ta murɗe ba. Amma babban kayan aikina shi ne sikelin buhun shinkafa da ke bakin ƙofa. Na daina tambayar mutum nauyinsa, don ban taɓa samun wanda ya faɗi gaskiya ba. Mai ƙiba ya rage, siriri ya ƙara, kowa kuma sai ya ce ai nauyin kafin azumi ne. Alhali da nauyin ake zaɓen girman laima. Ko da mota mai tsada ka zo, sai ka cire takalmi ka hau inda buhu ke hawa.

Iskar Jidda kuwa ma'aikaciyar gwamnati ce, ba ta fitowa da sassafe. Daga arewa take zuwa, ta fara motsi bayan Azahar, ta miƙe wajen La'asar. In tana da ƙarfi kowa gwani ne, ko zanin gado ka ɗaura zai ja ka. Amma in zafi ya zo ƙarewa, gumi ya sauko, sai ta kwanta makonni, teku ya yi lumui kamar mai a faranti. A irin wannan lokacin ake sanin wanda ya iya zaɓen kaya.

Wani ɗan ƙwallo daga Sa'alaba ya taɓa zuwa min da laimar da ya sayo a haraj, kasuwar gwanjo, yana washe baki wai ya samo mafi girma a Jidda, ko iskar fanka za ta ɗaga shi. Tsohuwa ce mai haƙarƙari biyar, wato robobin da ake hurawa su riƙe jikinta, yadinta ya sha rana ya yi laushi, ta fi tantin Kawu Idi nauyi. Ya kuma bar ta a bayan mota cikin zafin nan namu har gam ɗin bakin hurawa ya narke. Muka hura, muka ɗaga, ta yi sama kaɗan ta dawo ta rufe shi kamar jiƙaƙƙen zani. Araha ba ta ado. A ƙaramar iska, nauyin laimar kanta shi ne abokin gaba. Sabon shiga yana son laima mai ɗan girma amma maras nauyi, mai haƙarƙari ɗaya ko uku, wadda in ta faɗa ruwa za ta tashi da jan igiya guda, in kuma ka sake mata sanda ta saki ƙarfinta nan take. Ana ƙara wa igiyoyi tsawo don ta samu filin lilo. Kuma dole ka tuna da La'asar, don ƙatuwar da ta yi maka daɗi da rana tsaka ita ce za ta kwashe ka zuwa kan duwatsu in iska ta farka.

Abin da samari ba sa so su ji shi ne rabin maganin yana ƙarƙashin ƙafa. Kowa sama yake kallo, don laima ce ke fita a hoto. Amma ƙaramin allo a ƙaramar iska nitsewa yake, sai ka ga mutum yana noma ruwa da gwiwa. Allo mai faɗi, dogo, shimfiɗaɗɗe, shi ke ɗaga mutum da ɗan jan da ya samu. Ban san zurfin wannan magana ba sai a kan Bakur, kuma kafin in kai gare shi sai na bi ta muguwar shekara.

Annoba ce ta fara rufe bakin teku, laimomi suka kwana a ɗakin ajiya har robobinsu suka saki. Muna cikin farfaɗowa aka zo rusau a Karantina. A lokacin Kawu Idi ya riga ya rasu, shagon yana hannuna. Aka ba mu wa'adi, kowa ya shiga ɓalle abin da zai ɓallu: taga, na'urar sanyi, tankin ruwa, ƙofa. Wanda ya kwashe rabin unguwar shi ne Bakur, abokina tun muna yawo ba wando, direban daina, motar nan ta ɗaukar kaya. Shi ya ɗauko kekena ya kawo nan, Kaftin ya ba ni wannan kwantena na mai da ita shago. Maƙwabtan da muka yi shekaru muna cin abinci a tire ɗaya suka watse, wasu Mahjar, wasu Kilo Goma Sha Huɗu, wasu ban san inda suka faɗa ba.

Bakur ƙato ne, sikelina ya sha wuya a hannunsa. Shekaru yana kawo mana kaya bakin tekun nan, ya zauna a inuwar motarsa yana mana dariya, wai manya da furfura suna wasan yara, iska na wahalar da mai kayan kara. Rannan ya zo bai yi dariya ba. Ya ce kafilinsa, ubangidan da ke tsaya masa, ya rufe kamfani, iƙama, takardar zama, ta ƙi sabuntuwa, an buga masa huruj niha'i, fitar da ba dawowa. Damagaram zai tafi da iyalinsa, garin mahaifinsa, wanda bai taɓa gani ba sai a waya. Na zuba masa shayi. Ya sha, ya daɗe yana kallon ruwa.

"Tela, an ce min can babu teku," in ji shi. "In suka tambaye ni me na sani a Jidda, in ce musu zafi da cunkoso? Halas, shi ke nan, ka ɗora ni a kan abin nan kafin in tafi. Sau ɗaya ya ishe ni."

Makonni kaɗan suka rage masa, kuma sun faɗo daidai lokacin da iska ke kwance. Mutum mafi nauyi da na taɓa aunawa, sabon shiga, a mafi munin wata. Na ce masa to.

Laima ba ta ba ni wuya ba. Kaftin yana da wata mai mita goma sha bakwai, haƙarƙari ɗaya, da hannu ɗaya kake ɗaga ta. Na sake mata robar ciki, na ƙara tsawon igiya, na faɗaɗa ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu da bel ɗin motar Bakur, don babu wadda ta zagaye shi. Ya ba ni mamaki wajen sanda. Hannun direba ne, bai fizga ba, bai firgita ba, nan da nan ya iya tsayar da laima a sama yana hira. Ya koyi barin ta ja shi a ruwa da ciki, yana fitowa yana tofar da gishiri yana zagina. Amma da aka zo tsayuwa sai magana ta tsaya. Allo mafi girma da muke da shi, Bakur na ɗora ƙafa sai ya yi ƙasa da shi. Ya ɗago har ƙugu, ya koma. Mun nemi mai faɗi a shagunan gari babu, wanda za a aiko daga waje kuma sai bayan jirginsa ya tashi zai iso. Ya fara cewa in bar shi, wata ƙila ba rabonsa ba ne, ni kuwa raina ya ƙi.

Ana haka na je taya shi ɗaure kaya a ɗakin da ya kama a Mahjar. A bayan firji na ga ƙofar gidansu ta Karantina jingine da bango. Na san ta kamar tafin hannuna. Mahaifinsa, bayan ya baro Damagaram ya tsallako daga Sudan a jirgin ruwa, a tashar jiragen ya yi aiki har ya tsufa, kuma da katakon wani jirgi da aka farfasa ya yi ƙofar. Tana da ƙaramin rami a gefe, inda igiyar sakata ke fitowa waje. Haka gidajenmu suke a da: igiya na reto a waje tun asuba, kowa ya zo ya ja, ya yi sallama ya shiga. Gidan su Bakur kuwa ban taɓa ganin an janye igiyarsu ciki ba.

Na ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ya amsa min garau. Fale-fale ne mai hawa-hawa, irin na jirgi, wanda ruwa ba ya kumbura shi, ga shi ba nauyi. Ban yi magana ba, don wa zai ce wa mutum ya kawo ƙofar ubansa a yanka? Amma hannuna ya ci amanata, ya shiga auna faɗinta da taki. Ina ɗagowa na ga Bakur yana kallona.

"Za ta ɗauke ni?"

"Za ta ɗauki biyunka," na ce.

Ya ce jirgin sama dai ba zai karɓe ta ba, kuma ba ya son ta ƙare a haraj. Sai dai ba shi kaɗai ke da ita ba. Akwai yayarsa, Yaya Zainaba, wadda ke aure a nan ba za ta tafi ba, kuma tun muna yara muke tsoron bakinta. Muka same ta tana tsinke ganyen mulukiya na miya. Ta saurare mu har ƙarshe ba ta ɗago ba, sannan ta wanke mu tas. Ta ce gemu ya yi fari hankali bai zo ba, unguwa ta tafi, ɗan'uwanta zai tafi, abin da ya rage na Baba kuma shi za mu kai wa kifi. Da ta gaji sai ta tambaya ko duka za a yanka. Na ce a'a, Yaya, tsakiya kawai, sama da ƙasa za su rage.

"To sama nawa ne, inda sakatar take," ta ce. "Kuma ranar da za a sa ta a ruwa da ni za a je. In ya nitse, kai Usman, ka san inda za ka ɓuya."

A gaban kwantenar nan muka yi aikin, da zarton wani kafinta ɗan unguwarmu. Na tsayar da Bakur na auna tsawon allon daga ƙasa zuwa ƙirjinsa, faɗi kuma taki biyu da ɗoriya. Da zarton ya fara cin katakon Bakur ya juya baya ya tafi duba tayar motarsa, wadda ba abin da ya same ta. Muka zagaye kusurwoyi, muka goge gefuna har suka yi santsi, muka shafe shi da man jirgi hawa-hawa muna jira ya bushe. Madaurin ƙafa na ɗinka da ragowar bel, matakin kuma da soson silifa. Ramin igiya ya faɗo a kusurwa ɗaya. Na ɗauko abin toshewa, Bakur ya riƙe hannuna ya ce in bar shi, sai na shafe bakin ramin da mai kawai. Kaftin ya fara gwada shi a wata 'yar iska da ko tutar shago ba ta ɗagawa sosai. Ya tashi tsaye nan take, ya wuce mu yana ƙyalƙyala dariya, yana cewa a Masar ma bai taɓa hawa ƙofa ba.

Daga nan iska ta ɗauke ɗif. Kwana da kwanaki Bakur na zuwa, mu zauna mu kalli tuta tana rataye kamar wanki. Har aka kai ranar da washegari jirginsa zai tashi. Masu gadin teku kuma ba sa barin kowa a ruwa bayan faɗuwar rana, don haka abin da muke da shi daga Azahar ne zuwa Magariba.

Yaya Zainaba ta zo da kujerarta da fulas ɗin gahawa. Tsofaffin maƙwabta da suka ji labari suka zo mota-mota, mutanen da rabona da su tun rusau. Teku kuwa ko motsi. Kaftin ya ja ni gefe ya ce mu ɗaura wa Bakur igiya a kwalekwale mu ja shi, ko ba komai ya tsaya. Bakur ya ji, ya ce shi ba motar da ta mutu a hanya ba ce. Samari suka ce ga tsohuwar ƙatuwar nan ta haraj a ajiye, a hura masa ita mana. Na ce ba za a hura ba. A wannan iskar ba za ta tashi ba, in kuma iska ta zo, za ta ɗauki mutumin da ke da jirgi gobe ta buga da murjani. Suka ce to ina iskar? Na nuna musu duwatsun gabas da suka fito tar babu hazo, na ce yashi ya yi zafin da ba a taka shi, gumi kuma ya ragu, in ƙasa ta gasu haka teku yakan aiko. Na faɗa da ƙarfi kamar na tabbata. Gaskiya ban tabbata ba, tsoro nake ji.

Aka kira La'asar ba abin da ya canza. Muka hura laima muka danne ta da yashi, muka shimfiɗa igiyoyi, muka ja sahu. Direban kwalekwalenmu ya ba mu salla, wani Basudane mai natsuwa wanda bai taɓa gaggawa a rayuwarsa ba. Muna cikin raka'a ta biyu na ji sanyi a kunnena na hagu. Da muka yi ruku'u sai ga yashi yana gudu a kan tabarma. Kafin zaman tahiya rigunan sahu duka suna kaɗawa, laima na bugawa a bayanmu, igiyar tuta na dukan ƙarfe. Bakur na gefena, ina jin numfashinsa ya canza. Liman kuwa ya zauna ya gyara zama, ya ja tahiyar nan kamar yau ya fara koyonta. Allah Ya karɓa mana, amma ban san inda rabin zuciyata take ba.

Ana sallamewa ba wanda ya tsaya gaisawa. Yalla, yalla, kowa na gudu. Na ɗaura masa ɗamara, na sa ya taɓa maɓallin tsira a gabana, Kaftin ya ɗaga laimar. Ta hau sama sumul ta tsaya. Iskar ba ta da yawa, amma mai tsabta ce, ba ta yankewa. Na shiga ruwa da shi har ƙirji, na sa masa allon a ƙafa.

Ya lilo laimar, ya ɗago, ya kifa da fuska. Na kamo allon na mayar masa. Ya sake, ya zauna daɓas. Na ga abin da yake yi: zumuɗi ya sa yana janyo sanda jikinsa, yana shaƙe laimar. Na ce masa ya tuna daina a kan tudu da kaya, ba a danne ta, lallaɓa ta ake yi. Ya sake mata hannu, ya nuna hancin allon inda iska ta nufa. Rana ta riga ta yi ja. Ya ja numfashi, ya yi bisimilla, ya lilo ta tun daga sama.

Sai na ga ƙato yana fitowa daga ruwa. Kafaɗu, ciki, gwiwoyi, ruwa na zuba daga wandonsa, ƙofar ta buga ruwa ta hau kai ta shimfiɗe. Ya yi tangaɗi, na riƙe numfashi, ya daidaita. Ya tafi! Bakur ɗan Karantina yana tsaye a kan ƙofar gidansu, farin kumfa na binsa a baya. Na daka tsalle a cikin ruwa ina ihu kamar yaro, na sha gishiri ban damu ba. A bakin gaɓa dattawa na kabbara, wani ya jefa hularsa sama iska ta tafi da ita. Yaya Zainaba ta ture kujera ta rangaɗa guɗar da rabon da in ji irinta tun bukukuwan unguwa.

Can sai muka tuna ba mu koya masa juyowa ba. Wa ya yi zaton za a kai nan? Yana ta tafiya yana ƙanƙancewa, Yaya Zainaba ta koma cewa a dawo mata da ɗan'uwanta. Basudanen nan, a karon farko a rayuwarsa, ya yi sauri. Ya bi shi da kwalekwale, ya same shi kusa da murjani ya saki laima ya zauna a ruwa rungume da allon.

Da suka iso rana na taɓa ruwa. Bakur ya sauko, mutane suka rufe shi. Bai kula kowa ba sai da ya kai gaban yayarsa.

"Yaya, na hango Jidda daga waje," ya ce. "Can kudu, dogayen gine-gine cikin hazo. Haka Baba ya fara ganinta, daga ruwa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma na juya na shiga naɗe igiyoyi, don idona ya cika, kuma ba gishiri ba ne.

Kafin ya hau mota ya kawo min allon. Na ce zan ajiye masa. Ya ce ba ajiya ya ba ni ba, kuma kada in kuskura in ba da shi haya. Ya ciro wata igiya daga motarsa, ya zura a ramin nan, ya ƙulla, ya rataye allon a jikin kwantena ta waje, inda ba kulle. Ya ce ƙofar gidansu ba a taɓa neman izini kafin a ja igiyarta ba, ba kuma a kaina za a fara ba.

Ga shi can har yau, rana ta ɗan cinye man, ina sake shafawa. Masu nauyi da masu tsoro da yawa a kansa suka fara tsayuwa, a ranakun da masu tsadaddun alluna ke zaune a yashi suna jiran iska. Bakur yana Damagaram yana jan motar wani ɗan'uwansu, ya ce Hausarsa ma dariya suke mata. Duk Juma'a bayan La'asar sai saƙon muryarsa ya shigo wayata, ko gaisuwar kirki babu: "Tela, yau wa ya fita ta ƙofarmu?"

Saboda haka kai mai neman ruwan sanyi, in ka huta, tashi ka ƙarasa hura laimar nan, ka cire takalmi ka hau sikeli. Tuta ta fara motsi, kuma ina son in samu sunan da zan faɗa masa yau.